Albashi ya daina kaiwa, amma na kasa daina zuwa gidan rawa

Wasiƙar tana da tsawo, ga taƙaitaccenta:

"Assalamu alaikum. Ina aiki a wani kamfani a Abuja, ina zaune ni kaɗai a Kubwa, matata da yara uku suna Zariya. Shekara uku ke nan kusan kowace Juma'a da dare ina zuwa wani kulob a Wuse 2 inda mata ke rawar tsiraici, ban da watan azumi. Ba na shan giya, ban taɓa fita da kowa ba. Shisha nake sha, in yi liƙi, mu yi hira da wata da na saba da ita. Da can dillancin motoci yana kawo min abin da ya kusa albashina, don haka ban taɓa ji a jikina ba. Yanzu kasuwar ta mutu, saura albashin ₦480,000. Abin da nake kashewa a dare bai wuce ₦25,000 ba, amma na rage kuɗin gida daga ₦200,000 zuwa ₦120,000, manhajojin bashi biyu suna bina ₦150,000 da ₦90,000, abokin aiki yana bina ₦100,000, na kwashi adashin ₦300,000 ya tafi, saura zubi huɗu na dubu hamsin-hamsin. Haya ₦900,000 ce, nan da wata huɗu. Na san hukuncin wurin a addini, don Allah ba wa'azi nake nema ba. Tambayoyina uku: zan iya rage kashewa zuwa rabi in ci gaba da zuwa? In gaya wa yarinyar halin da nake ciki, tunda mun shaƙu? In karɓi bashin albashi a banki in biya sauran gaba ɗaya?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa.

Mun ji, ba za mu yi maka wa'azi ba. Mutumin da ke ajiye zuwa kulob ranar da aka ga wata, ya yi kwana talatin bai leƙa ba, ba rashin sani ke damunsa ba. A kan kuɗi za mu tsaya, amma ka riƙe maganar azumin nan, za mu dawo kanta.

Mu fara da ₦25,000 ɗin da ka ce kana kashewa. Wannan kuɗin liƙi ne kaɗai. A cikin doguwar wasiƙarka ka ambaci sauran abubuwa a warwatse, ba ka taɓa tara su wuri ɗaya ba. Motar haya daga Kubwa zuwa Wuse 2 da dawowa ƙarfe uku na dare, ₦12,000. Kuɗin ƙofa, ₦5,000. Shisha da lemonka, ₦13,000. Abin shan da kake saya mata in ta zauna, ₦8,000. Mai sababbin kuɗi yana cire ₦2,500 kafin ya miƙo maka ɗaurin, mai POS ₦500, ƙartin bakin ƙofa da yaron da ke kawo kaya ₦2,000. Haɗa da liƙin, dare ɗaya ₦68,000 ne. Juma'a huɗu, ₦272,000. Sai ɗan abin da kake tura mata tsakiyar mako, na kati, na gyaran gashi, na "ba ni da lafiya", wanda da bakinka ka ƙiyasta ₦30,000 a wata. Jimilla ₦302,000, wato kusan kashi biyu cikin uku na albashinka. Abin da ya rage ₦178,000 ne. Cire na gida ₦120,000, cire zubi ₦50,000, ka ga ₦8,000 ce ta rage maka ka ci abinci ka je aiki wata guda. Daga nan bashin manhaja ya samo asali, ba daga tsadar shinkafa ba. A shekara kuwa, ko an cire makonni huɗun azumi, abin ya haura naira miliyan uku da dubu ɗari shida. Hayar ɗakinka ta shekara huɗu ke nan.

Kada ka yarda da lissafinmu kawai. Ka nemi bayanin asusunka na wata uku daga banki, ka zauna da biro ka ja layi ƙarƙashin duk abin da ya fita tsakanin ƙarfe tara na daren Juma'a da asubahin Asabar, da duk abin da ya shiga asusunta. Masu zuwa irin wuraren nan galibi abin da suka fito da shi daga gida suke tunawa, su manta cirewa ta biyu da suka yi ƙarfe ɗaya na dare. Mai yiwuwa ka tarar ₦68,000 ɗin ma daren da ka kama kanka ne.

Akwai abin da ba laifinka ba ne a ciki, kuma ya dace a faɗa. Tun 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da ₦200 ta haura ₦500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce ₦1,000 a Abuja kafin ƙarshen 2024. Dala da ake lissafawa kusan ₦460 a farashin gwamnati ta haura ₦1,500. Motocin da kake dillanci da dala ake shigo da su, shi ya sa masu saye suka janye. Ita dai wannan dalar ce ta ɗaga farashin kwalaben da kulob ke sayarwa da kayan shisha, ga dizal na janareta da ke ci har asuba. Abu guda ya kashe maka kasuwa, ya kuma tsadar da wurin hutunka. Dubu ashirin da biyar da ta sa ake maka kirari a 2022, yau ɗauri ɗaya ne na 'yan ₦200 da 'yan kai, takarda 125, waƙa biyu ko uku sun ƙare.

To, tambayarka ta farko: a rage zuwa rabi?

A takarda yana yiwuwa. A cikin gidan ba ya ɗorewa, kuma dalilin yana cikin yadda aka gina sana'ar. Dubi lissafin da kyau: cikin ₦68,000 ɗin, mota da ƙofa da shisha ₦30,000 ne, kuma ba sa raguwa, ko ka zauna minti ashirin ko awa huɗu. Rabin ₦68,000 shi ne ₦34,000. Ke nan bayan ka biya abin da ba makawa, ₦4,000 ce ta rage na liƙi da abin shanta da masu ƙofa. Ba rabin daɗin za ka samu da rabin kuɗi ba. Kujera da hayaƙi kawai za ka saya, abin da ke kai ka wurin kuwa, wato a zo a zauna kusa da kai a kira sunanka, shi ne zai fara yankewa.

Kuma za ka gani da idonka. A irin waɗannan gidaje mai rawa ba albashi mai kauri take jira ba, a wurare da dama ma babu shi. Abin da aka liƙa mata shi ne samunta, kuma ba duka ke shiga jakarta ba: gida yana cire rabonsa, mai kiɗa da masu tsince kuɗi daga ƙasa suna da nasu, wani wurin har tara ake ci in ta makara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wasu gidajen suna ba ta la'ada kan abin shan da kwastoma ya saya mata, shi ya sa ƙishirwarta ba ta ƙarewa. Darenta kuma gajere ne, awannin da ake samun kuɗi sosai ba su wuce uku zuwa huɗu ba. In ta ba ka awa guda kana riƙe da ₦4,000 alhali tebur na gaba an kawo kwalba da tartsatsin wuta, asarar kuɗin hayarta ta yi. Za ta gaishe ka da fara'a, ta ce tana zuwa, ba za ta dawo ba. Mai ƙofa da ya saba buɗe maka hanya zai fara duba wayarsa in ka iso. Mai kirari a makirfo zai tsallake sunanka. Babu wanda ya tsane ka. A wurin nan matsayin mutum na daren jiya ne, ba a ajiye shi a asusu.

Ga inda tsarin "rabi" ke karyewa. Mutumin da ya saba ana ce masa Ciyaman ba ya iya zama ya kalli ana yi wa wani. Wajen ƙarfe ɗaya zai ce bari ya ƙara dubu goma kawai. Mai POS yana cikin gida, ba sai an fita ba, in ma babu kati yaron da ke kawo kaya zai karanto lambar asusu a tura masa ya kawo tsaba. Babu taga, babu agogo a bango, kiɗa ya hana dogon tunani. Dubu goman ta zama ashirin saboda ana kallo. Wanda aljihunsa ya yi sanyi sau da yawa ya fi kashewa fiye da lokacin da yake da shi, domin yanzu ba daɗi kaɗai yake saya ba, har da rufin asiri, kada a gane ya karye. Wannan kashewar ta kare mutunci ita ce mafi tsada, kuma da bashi ake yin ta.

Rage yawan zuwa ya fi rage kashewa ma'ana: sau ɗaya a wata da ₦68,000 ya fi sau huɗu da ₦34,000 arha nesa ba kusa ba. Amma ko wannan, lissafinka na watanni huɗu masu zuwa ba shi da gurbinsa. Ba ra'ayi ba ne, za ka gani a ƙasa. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, taka kuwa a yanzu zama ce.

Tambaya ta biyu, ko ka gaya mata. Ba mu san zuciyarta ba, kuma ba za mu ce maka ƙarya take yi ba. Mai yiwuwa da gaske tana jin daɗin hira da kai, mutum ne da ba ya shan giya, ba ya kai hannu, ba ya wulaƙanta ta. A sana'arta irinka kwastoma ne mai daraja. Amma tuna sunan 'yarka, da tambayar jikin mahaifiyarka, da saƙon "kwana biyu" ranar Alhamis da yamma, duk cikin aikin suke, kamar yadda mai shago nagari yake tuna irin shaddar da kake so. Duba wayarka ka ga ranakun da saƙonninta suka fi shigowa. In sun taru a Alhamis da Juma'a da ƙarshen wata, ka samu amsarka ba tare da ka tambayi kowa ba.

In ka zauna ka zayyana mata basussukanka, ɗayan uku zai faru. Ko ta tausaya ta ja baya a hankali, wanda shi ne mafi kyau, amma zai yi maka ciwo. Ko ta ce "ba komai, ka zo ko ba ka da ko sisi", ka je, kunya ta sa ka ciro. Ko kuma labarin ya zaga gidan, domin ma'aikata suna hira a ɗakin canza kaya kamar kowane wurin aiki. Babu ɗaya cikin ukun da ya rage maka bashin naira ɗaya. Sannan ka miƙa wa wadda ta san sunanka na gaskiya, da wurin aikinka, da garin iyalinka, bayanin inda kake da rauni. Ba zarginta muke ba, amma waya tana ɓata, tana kuma shiga hannun saurayi ko ƙawa.

Abin da ya wadatar layi biyu ne: "Zan daina zuwa, kuma ba zan iya ci gaba da aike ba. Na gode da mutunci, Allah Ya ba da sa'a." Kada ka ce "na ɗan lokaci", kada ka ce "sai abubuwa sun daidaita", domin ƙofa ce ka bari a buɗe kuma za a ƙwanƙwasa. In ka yi mata alkawarin wani kuɗi takamaimai wanda ta dogara da shi, faɗa mata gaskiya ba zai samu ba, tun da wuri, ta nemi wata hanya. Wannan haƙƙinta ne. Bayan haka ka toshe lambar, ka goge hirar, sannan ka cire asusunta daga jerin waɗanda ka ajiye a manhajar bankinka. Mutane suna manta wannan na ƙarshen, alhali shi ne ke mayar da aika dubu goma aikin daƙiƙa biyar. Ka sa ran saƙo zai zo ta wata lamba cikin mako biyu ko uku, galibi da labarin asibiti ko mai gidan haya. Zai iya zama gaskiya. Amma wanda ya rage wa 'ya'yansa ₦80,000 a wata ba shi ne mai ceton wani ba.

Tambaya ta uku, bashin albashi. Ka riga ka san matsayin riba, mu duba lissafi. Manhajojin nan suna faɗin kuɗin ruwansu ne a wata ko a mako, don ya yi kama da ƙarami. Kashi 15 cikin ɗari a wata kashi 180 ne a shekara, tun kafin a ɗora tarar makara. Bashin banki yakan fi wannan sauƙi, shi ya sa shawarar take da kyan gani. Matsalar ita ce abin da ke biyo baya. Ranar da ka biya manhajojin biyu, za su aiko maka da taya murna, su ɗaga maka adadin da za ka iya karɓa. Albashinka kuma zai riƙa zuwa a gutsure, domin banki yana cire nasa kafin ka ga alat. In ƙafarka ba ta daina zuwa Wuse 2 ba, cikin wata biyu kana da bashin banki da sababbin basussukan manhaja a kai. Kuma tun 2020 Babban Banki ya ba bankuna damar bin lambar BVN su cire bashin da aka ƙi biya daga asusun mutum na wasu bankunan, don haka sauya banki ba mafaka ba ce. Amsarmu a'a ce, kuma ba ka ma buƙatarsa. Ga dalili.

Daga wannan albashin, in babu kulob: gida ₦150,000 na wata huɗu (ba ₦200,000 ba tukuna, amma ya fi abin da suke gani yanzu), zubi ₦50,000, cinka da zuwa aiki da tafiya gida ₦100,000. Saura ₦180,000. Watan farko ka kashe manhajar ₦90,000 gaba ɗaya tunda ita ce wa'adinta ya wuce kuma tara ke hawa kullum, ka zuba sauran ₦90,000 a ta biyun. Wata na biyu ka ƙarasa ta biyun, ₦60,000 da ruwan da ya hau, a ce ₦70,000, ka miƙa wa abokin aikinka ₦100,000 ɗinsa. Wata na uku da na huɗu ka tara ₦360,000, da ɗan ragowar baya ₦370,000. Hayarka in an raba ta ₦75,000 ce a wata, wato kana da kusan ta wata biyar a hannu, kuma daidai lokacin zubin adashi ya ƙare, ₦50,000 ta dawo maka. Ba za ka cika ₦900,000 ranar da wa'adi ya cika ba, gara ka san haka yau. Ka je wurin mai gidan a wannan makon, da ƙafarka, ka ce za ka ba da kaso na farko ranar kaza, ragowar bayan wata kaza, ku rubuta. Mai gida ya fi sauraron wanda ya zo wata huɗu kafin lokaci fiye da wanda ya ɓuya wata ɗaya bayansa. Dubi kuma yadda lissafin yake a matse: dare ɗaya na ₦68,000 a cikin watannin nan kusan hayar wata guda ce ta tafi.

Zubin adashi kada ka taɓa shi ko sau ɗaya. Manhaja kuɗi za ta ci maka, adashi kuwa sunanka zai ci a ofis, kuma uwar adashi ba ta mantuwa. Abokin aikinka ma kada ka bari ya tambaya, kai ka same shi ka faɗa masa ranar da zai karɓa. Game da manhajojin, ka shiga saitin wayarka ka janye musu izinin ganin lambobin mutanenka da hotunanka, kada ka karɓi tayin "sabunta bashi" da suke yi ana gobe wa'adi, domin biyan ruwa ne kawai uwar kuɗin tana nan. Duk biyan da ka yi ka ajiye shaidarsa. In wata ta fara aika wa mutanenka saƙon ɓatanci, ka ɗauki hoton saƙon ka kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ita ke sa ido a kansu. Ranar da ka gama biya ka goge manhajar a take. In kana da abin sayarwa, waya ta biyu ko agogon da aka saya don shiga kulob, sayar da shi ya rage maka wata guda na ruwa.

Wani abu da masu liƙi ba su cika lissafawa ba: sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira, da taka ta, da sayar da takardunta. Hukuncin ɗaurin da bai gaza wata shida ba ne, ko tarar da ba ta gaza ₦50,000 ba, ko duka biyun. Shekaru aka yi ba a cika kula dokar ba, amma a Afrilun 2024 kotu a Legas ta ɗaure Bobrisky, wani fitaccen ɗan soshiyal midiya, wata shida ba zaɓin tara saboda watsa naira, bayan EFCC ta gurfanar da shi. Bidiyo ne ke kai mutane kotu, kuma a kulob kowa da waya a hannu. Mai kuɗi zai ɗauki lauya. Ma'aikacin kamfani mai ₦8,000 a asusu, aikinsa ne zai fara tafiya.

Yanzu maganar azumi. Kwana talatin kake yi ba ka je ba, shekara uku a jere, ba ka mutu ba. Me ya bambanta watan? Ba ƙarfin hali kaɗai ba ne. Darenka a cike yake: buɗa-baki da mutane, tarawihi, tafsiri, barci da wuri saboda sahur. Sauran watanni kuwa, Juma'a ƙarfe takwas na dare kana ɗaki ɗaya a Kubwa, ka yi wanka, babu mai ce maka sannu da aiki. Wannan awa biyun, daga takwas zuwa goma, ita ce filin dagar. In ka wuce sha ɗaya ba ka kira mota ba, daren ya tsira. Don haka kada ka bar ta ga niyya, ka cika ta da abin da ke da lokaci da mutane masu jiranka.

Mafi ƙarfi shi ne kada Juma'a da dare ta same ka a Abuja. Tashar jirgin ƙasa tana nan Kubwa, ka sauka Rigasa, ka nemi motar Zariya. Zuwa da dawowa bai kai rabin abin da dare ɗaya ke ci ba. Ka sayi tikitin tun farkon mako, ka kuma gaya wa yara kana tafe, domin alkawarin da aka yi wa ɗan shekara shida ya fi wanda mutum ya yi wa kansa wuyar karyawa. Sau biyu a wata ya shiga cikin ₦100,000 ɗin in ka yi tsimi. Sauran Juma'o'in biyu ka ɗaura su da wani abu tsayayye: majalisar 'yan garinku, gidan kallon ƙwallo, karatun bayan isha'i, cin tuwo gidan abokin da ke da iyali. Abin da kake biya ₦68,000 dominsa, a san sunanka a tambayi lafiyarka, teburin mai shayi yana bayar da kaso mai yawa nasa a kan kuɗin kofi ɗaya. Ba daidai suke ba, mun sani. Makonni uku na farko za su yi maka salam, kamar miya ba gishiri. Hakan ba alamar tsarin ya gaza ba ne.

Sai ka ɗaure hannunka tun da rana, lokacin da hankalinka ke jikinka. Ranar da albashi ya shigo, kafin ka bar ofis, ka tura na gida, ka ba da zubi, ka biya bashin watan. Kuɗin haya ka kai shi asusun da ba shi da kati ba shi da manhaja a wayarka, ko ka damƙa wa ɗan'uwan da kake jin nauyinsa. A asusun da kake amfani da shi ka rage iyakar abin da za a iya turawa a rana zuwa ₦10,000 ko ƙasa, har da ta lambobin USSD, domin wanda ya bar kati a gida ya tafi da waya bai bar komai ba. In akwai abokin da kuke tafiya tare, gaya masa sau ɗaya ka daina, ba sai da dalili ba. Zai ce ka zo shi zai biya. Daren da wani ya biya maka bashi ne, mako mai zuwa kai za a kalla.

In ka zame ka je, domin yana faruwa, kada ka ce tunda an ɓata bari a ƙarasa watan. Rubuta abin da ya tafi har na mai POS, ka cire shi daga kuɗin cinka, ba daga na gida ko na haya ba, ka ji zafinsa a cikinka mako biyu.

Saura maiɗakinka, wadda ba ka yi tambaya a kanta ba. Wata nawa tana haɗa cefanen ₦200,000 da ₦120,000 a wannan tsadar, kuma ka bar ta tana zaton kamfani ne ko kasuwa. Ba mu ce ka je ka kwance mata duk abin da Allah Ya rufa maka ba, malamai ma ba su son mutum ya tona wa kansa asiri, kuma sau da yawa mai irin wannan furucin sauke nauyinsa yake yi a kan wadda ba ta ji ba ta gani ba. Amma maganar kuɗi haƙƙinta ce, ciyarwa wajibi ce a kanka ba alfarma ba. Abin da za ka iya faɗa ba tare da ƙarya ba shi ne: ka yi sakaci da kuɗi, ka ci bashi, ga adadinsa, ga watan da zai ƙare, daga wannan watan za ta ga ₦150,000, daga wata na biyar ₦200,000. Sannan ka tambaye ta abin da ita ta ci bashi ko ta sayar don rufe giɓin, domin da wuya a ce babu: mai shago, kuɗin makaranta, ɗan kunne. Duk abin da ta lissafa ka sa shi a layi ɗaya da bashin abokin aikinka, a wata na biyu, ko da hakan zai rage abin da za ka kai wa mai gidan haya.